Yarinyar da Hedimasta Ba Ya Gani

Shekarar da aka tura ni koyarwa a wani ƙauye tsakanin Kusada da Mawashi, ban tafi da daɗin rai ba. Ni 'yar cikin garin Kankiya ce, na saba in fito daga gida in taka sayyadata in shiga aji. Sai ga ni kullum da sassafe a bakin titi ina jiran mota, in na sauka kuma ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ta cikin gonaki. Da damina bakin zanena bai taɓa isa makaranta da tsabta ba. Maigidana ya ce in yi haƙuri, wai iskar ƙauye tana sanyaya hali. Na gane inda ya dosa. Ko ni na san kaina, magana ba ta kwana a cikina, in abu ya ɓata mini rai a nan take nake amayar da shi.

Makarantar ba ta da girma. Akwai wani ƙaton bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya, a tsakar filinta, inuwarsa ce ofishinmu, nan muke cin abinci, nan kuma ake shari'ar yaran da suka yi faɗa. Aka ba ni aji shida. Cikin malaman da na tarar, biyu ne suka shigo labarin nan. Na farko Malamin Arabiyya, dattijo ɗan gidan malamai, wanda da safe yana tare da mu, da yamma yana gona, bayan magariba kuma yana da tasa makarantar a zaure. Ban taɓa ganin mai arhar dariya irinsa ba. Na biyu shi ne Hedimasta.

Hedimasta dogo ne siriri, hularsa ba ta karkacewa, baburinsa kullum a goge. Ya san kowane yaro da sunansa da na ubansa, ya san inda gonarsu take. In yaro ya yi fashi, kafin a tambaya zai ce, "Wannan kiwo aka tura shi, ku bar ni da uban." Ba ya rowar yabo ko kaɗan. Yaro ya karanta layi ɗaya daidai, sai ya sa a tafa masa har hannu ya yi zafi. Yana da 'yar auta a aji biyu, ita yake ɗorawa a kan tankin babur, ya saya mata rake, in ta rubuta baƙi ɗaya mai kyau ya zagaya da shi yana nuna wa kowa. Na ce a raina, to, ko ba komai an haɗa ni da mutumin kirki.

A ajina akwai wata yarinya da take zama can baya, jikin taga. Tagar ba ta da marfi, don haka duk abin da zai wuce a waje, daga akuya har mai tallar awara, da saninta yake wucewa. 'Yar siririya ce, hijabinta ya yi mata yawa, idanunta ba sa zama wuri ɗaya. Da farko na sa ta a layin marasa ji. Ina rubuta lissafi a allo, kafin in juyo ta ajiye biro ta kama tsokanar ta kusa da ita. Na ce zan yi maganinta. Ni ba na duka, horona shi ne ƙarin aiki, sai na cika mata shafi da lissafi mai wuya na ce ba za ta fita tara ba sai ta gama. Kafin 'yan ajin su gama layin ƙosai ta kawo mini, babu kuskure ko ɗaya, tana ta murmushi kamar an ba ta goron salla.

Washegari ta ƙara surutu, na ƙara horo. Aka yi ta haka, sai da aka ɗauki lokaci kafin in farga cewa da gangan take yi. Horon take nema. Ranar da na gane, dariya ta kama ni a kan hanya har ɗan acaɓa ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

Wata rana muna darasin rabe-rabe ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, in aka raba ƙuli biyu aka ci rabi, aka sake raba sauran aka ci rabi, aka yi ta yin haka, yaushe zai ƙare?"

Na ce, "Lokacin da ƙanenki ya shigo."

Aji ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ina ganin ba ya ƙarewa, sai dai ya yi ta ƙanƙancewa." Ta koma ta zauna tana kallon akuyoyinta. Na juya wajen allo na kasa tuna inda na tsaya. A ranar na yarda cewa abin da nake koyarwa ya yi wa yarinyar nan kaɗan, kuma abin ya faranta mini rai, ya kuma ba ni tsoro.

Na san abin da aka saba yi da irinsu a makarantunmu, kuma har yau yana ba ni haushi. Da an ga yaro ya fi sa'o'insa kai, sai a naɗa shi monita. Shi ne riƙon bulala, shi ne share allo, shi ne ɗebo wa malam ruwa, shi ne tsaron aji in malam ya tafi ɗaurin aure. Wai an girmama shi ke nan. Haka zai gama firamare bai koyi komai sama da abin da ya shigo da shi ba, sai baƙin jini a wurin 'yan'uwansa. Ni na ƙi. Na tono littafin lissafin da ƙanwata ta yi ƙaramar sakandare da shi, na riƙa yanko mata aiki daga ciki. In ta gama da wuri, in ce ta samo mini wata hanyar da za a bi a kai ga amsar. Sau da yawa takan samo, wani lokaci ma ta fi tawa gajarta. Surutu ya ɗauke ɗif. Ta kusa da ita ta samu lafiya.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Hedimasta yana da al'ada, duk mako yakan shigo aji shida ya yi wa yara tambayoyin ka, layi-layi, ba ya tsallake kowa. Amma in ya zo layin taga, zai tambayi ta gabanta, ya tambayi ta gefenta, sai ya koma farkon wani layin. Ita kuma da ya shigo take sunkuyar da kai, bakin nan da ba ya hutawa ya mutu murus. Na ɗauka mantuwa ce. Da abin ya maimaita na ce wannan ya wuce mantuwa. Wata rana ya jefa tambayar da ta gagari ajin gaba ɗaya, ni kuwa na san yarinyar ta san amsa, don na ga yatsunta suna motsi a ƙarƙashin benci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga wata can jikin taga." Ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Rufin nan sai an duba shi kafin ruwa ya sauka." Ya fita.

Na yi ta saƙa da warwara. Ƙarshe na yanke cewa rikicin iyakar gona ne tsakaninsa da iyayenta, don a ƙauye in ka ga manya ba sa ga maciji, je ka duba gona. Da aka fita tara na same shi a gindin bedi, Malamin Arabiyya na gefe yana shan fura.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Wace yarinya, Malama?"

"Ta jikin taga."

"Ai tagogin da yawa."

Nan fa na hau. Na ce in da wata a ƙasa tsakaninsa da iyayenta, yarinya ba ruwanta. In ubanta ne ya ɓata masa, ya je ya same shi su yi ta ta ƙare. In kuma nauyinsa yake ji, ni ya nuna mini gidan, in je in ga wane irin uba ne wannan da Allah ya ba shi 'ya irin wannan amma bai taɓa leƙowa ya tambayi karatunta ba.

Fura ta sarƙe Malamin Arabiyya. Hedimasta ya miƙe ya gyara hular da ba ta karkace ba, ya ce ya manta wani abu a aji uku. Sai da dattijon ya gama tari da dariya, ya share hawaye da bakin rawani, sannan ya ce, "Malama, uban da kike nema ai shi ne ya tashi yanzu. Ɗiyarshi ce. Ta fari."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji sunan babban yayanmu a bakinta ba, "wancan" take ce masa. Amma a cikin gari abin ya yi sauƙi, ƙawayena ma hoton 'ya'yansu na fari suke sawa a fuskar waya. A nan kuwa al'adar tana nan da ƙarfinta. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya san da shi a gaban mutane. Tun daga yaye aka kai yarinyar wurin kakarta ta wajen uba, can ɗaya ƙarshen garin, shi ya sa ban taɓa ganin sun zo tare ko sun tafi tare ba. Na daɗe ina kewaye gindin bedi. Shi kuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Ana cikin zangon ƙarshe saƙo ya shigo wayar Hedimasta daga ofishin ilimi. Ana neman yara masu hazaƙa ta musamman. Kowace makaranta ta turo biyu daga aji shida su zauna jarrabawa a Kusada, waɗanda suka ci za a kai su makarantar kwana ta kimiyya, gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Da na ji, yarinyar taga kawai na gani. In ta rasa wannan, karatu dai za ta ci gaba da shi, amma a jeka-ka-dawo ta kusa da mu, inda yara suka fi benci yawa, malamin lissafi kuma sai an yi sa'a ake ganinsa. Na san yadda za ta ƙare a can, za ta samu wata tagar ta zauna.

Hedimasta ya tara mu ya faɗi waɗanda ya zaɓa. Maza biyu. Ɗaya yana da kai, ban yi musu ba. Ɗayan kuwa yaron kirki ne mai ƙoƙari, amma duk ajin sun san wurin wa yake zuwa in lissafi ya cije masa. Na bari sai da kowa ya watse, don na koyi darasi, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ka san abin da zan faɗa."

Wannan karon bai dubi rufi ba. Ya ce, "Malama, a garin nan aka haife ni. Da wane baki zan tashi gaban mutane in ce cikin 'ya'yansu duka nawa ya fi? Ko da gaskiya ce, ba a bakina za a ji ta ba."

"To a bakin wa za a ji?"

"In da rabo, za a samu."

Na ce rabo dai ba ya hawa babur ya kai kansa Kusada. Ya yi ɗan murmushi, ya ce an ba da zuwa ƙarshen mako a tura sunaye. Na ga dai maganar tana cinsa, amma ya fi son ta cinye shi da ya buɗe baki.

Na kai kukana wurin Malamin Arabiyya. Na ce zan je in samu uwar yarinyar. Ya ce, "Kada ki ɓata takalminki, ta fi shi. Kina fara magana za ta shige ɗaka. Ki tafi wurin mai ita." Yana nufin kakar.

Da aka tashi na bi yarinyar har gida. Na tarar da wata 'yar tsohuwa ƙarama a tsakar gida tana fama da tukunyar kalwa, warin daddawa ya cika ko'ina. Da ta ji ni ce malamar jikarta, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kori yarinyar ta tafi ɗebo ruwa. Ban gama gabatar da kaina ba ta karɓe zancen.

"Ƙawata? Ai ni ta biyo, tubarkalla masha Allah. Kan nan da kike gani nawa ne. Tun tana tatata take gyara ma 'yan makarantar allo karatu ta kan katanga. Ke dai bari, Malama, ba don ni na riƙe ta ba, da sun maishe ta kurma da shirun nan nasu."

Na ji sanyi a raina. Na ce yau na zo inda ake magana. Na kwashe komai na faɗa mata, jarrabawa, makarantar kwana, yara biyu, ƙarshen mako. Tana ji tana ƙwafa. Da na kai aya na ce, "Saboda haka, Inna, ki kira ɗanki ki yi masa magana. Ke kaɗai zai ji."

Sai na ga tsohuwa ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta juya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Wa? Wancan? Ina ni ina magana da shi? Shi ne na hwari."

Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Uba ba ya iya maganar 'ya, uwar uba ba ta iya magana da uba. Na ce a raina wannan gida in gobara ta tashi sai dai a aika maƙwabta su sanar da su. Na fara haɗa jakata, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Amma ke na ji an ce kina da baki. Gobe ki jira ni, ina tahe."

Ta kuwa zo, ana tsakiyar tara, da sandarta da gyalen zuwa biki. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin bedi, ta zauna ta ba Hedimasta rabin baya. Shi kuma ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa yana kallon ƙasa, ta amsa tana kallon reshe. Ni aka sa a tsakiya. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu a karɓi goro ba.

Ta ce, "Malama, ki hwaɗa ma mai makarantar ga, an ce an zaɓi ɗiyan mutane an bar tawa."

Na juya na maimaita masa, kalma da kalma, kamar bai ji ba.

Ya ce, "Malama, ki ce mata abin yana da nauyi."

Na juya na ce mata abin yana da nauyi.

"Ki tambaye shi, in da ɗiyar Sarkin Noma ce ke da kan ga, shina hana ta?"

Na tambaya. Ya ce, "Ki ce mata mutane za su yi magana."

"Ki ce mashi mutane sun yi magana ran da anka haihe shi da kunnuwa kamar faifai, bai hana shi girma ba. Kuma ki ce mashi yarinyar ga ba tashi ba ce. Ni na yaye ta, ni na yi ɗawainiyarta. Ɗiyar talakawa ce ta zo makarantar gwamnati, a yi mata adalci."

Na buɗe baki zan maimaita zancen kunnuwa, ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan na ji." A rayuwata ban taɓa yin tafinta daga Hausa zuwa Hausa ba sai ranar. Malamin Arabiyya ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa sai rawa suke. Shi ne dai ya fitar da mu. Da ya samu numfashi ya ce, tun da abin baki ake tsoro, a cire bakin kowa. A kira wani malami daga Yashe ya zo da tambayoyinsa, aji shida duka su zauna a fili gaban iyaye, shi ya duba, shi ya faɗi sakamako. Biyun da suka zo sama su ne za su tafi. Hedimasta ya amince tun kafin a rufe baki, har da ajiyar zuciya. Tsohuwa ta ce in faɗa wa mai makarantar ta gode, ta dogara sandarta ta tafi.

Ranar gwajin aka fito da bencuna gindin bedi. Iyaye maza suka jeru a gefe, wasu da fartanya a kafaɗa, mata suna leƙe ta bayan aji. Malamin Yashe ya raba takardu ya ce a fara. Hedimasta ya tsaya a gaba, hannuwa a baya, yana sa ido kamar yadda aikinsa ya ce.

Kowa ya duƙa yana rubutu, ban da mutuniyar. Biro na hannunta, kanta a ƙasa, takarda fara fat. Na ce tana karanta tambayoyi ne. Na zagaya na dawo, ba ta ɗiga komai ba. Wasu har sun juya shafi. Na matsa kamar ina gyara mata benci na ce a hankali, "Ke, lafiya? Ba ki gane ba ne?"

Ta ce, "Na gane, Malama."

"To me kike jira?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shina nan."

Ashe ita ma tana da tata. Ba za ta iya zage ƙwanji a gaban idon ubanta ba, ko da makarantar kwana za ta wuce ta. Haushin zuriyar nan gaba ɗaya ya turnuƙe ni, daga tsohuwa har jika. Da a da ne da na ɗaga murya kowa ya ji. Sai na taka wurin Hedimasta na ce ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe, alli ya ƙare."

Akwai kwalin alli cike a ajina, shi da kansa ya kawo mini. Ya dube ni. Bai dubi layin da take ba. Ya ce da ƙarfi yadda iyaye za su ji, "Haka ne, alli ya ƙare. Bari in leƙa Kusada." Ya buga babur ya tafi. Yarinyar ta kasa kunne har ƙarar ta ɓace cikin gonaki, sannan ta gyara zama ta kama rubutu. Duk da wannan jinkirin, ita ta fara ajiye biro.

Malamin Yashe ya duba a gaban kowa, ya faɗi sakamako. Ita ce ta ɗaya, da tazarar da ta sa ya sake duba takardarta yana girgiza kai. Yaron nan mai kai ya zo na biyu. Na saci kallon uban wanda aka sauke, ina jiran rigima. Mutumin ya saɓa fartanyarsa ya ce, "Ai mun sani, ita ke koya mashi." Maganar mutane da aka yi ta tsoro, iyakarta ke nan. Can Hedimasta ya dawo da ɗan ƙullin alli, bai tambayi kowa komai ba. Malamin Arabiyya ya fuskanci gindin bedi ya ba itacen labarin yadda aka yi, da murya mai ƙarfi.

Ni na raka su Kusada. Da sakamako ya fito, ita ta samu, yaron bai kai ba. Na ji masa zafi ƙwarai, na ba shi littafin ƙanwata ya tafi da shi jeka-ka-dawo.

Bayan dogon hutu, gero ya fitar da kai, ranar tafiya ta zo. Hedimasta ya ce aikin shugaban makaranta ne ya raka ɗalibar makarantarsa, ni kuma in zo tun da mace ce. Tsohuwa ta cika mata akwati da dakuwa da yaji da man shanu kamar za ta ƙasar da ba a girki. Muka haɗu a tashar Kankiya. Ya shiga gaba, mu muna baya. Har muka isa bai waiwayo ba, hirarsa da direba duk a kan taki ce.

A ƙofar makarantar an ajiye tebur, wata malama matashiya tana karɓar sababbin ɗalibai, layi ya yi tsawo, rana ta yi zafi, ita kuma ta gaji. Da aka zo kanmu ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba, "Ina mahaifinta?"

Ya ce, "Ni ne hedimastan makarantarsu."

"Ba hedimasta na tambaya ba, Malam. Ba ma karɓar yarinya sai uba ko uwa sun tsaya sun ce sun ba mu amanarta. In bai zo ba ku koma ku taho da shi. Amma ban yi muku alkawarin gurbin zai jira ku ba, akwai masu jira."

Na buɗe baki zan yi mata bayani tun daga yaye har gindin bedi. Sai na rufe. Yarinyar tana tsaye tana murɗa bakin hijabi, idonta a kan takalminta. Na baya suka fara cewa a yi sauri. Na dubi Hedimasta, gumi yana bin gefen hularsa.

Ya ce, "Ni ne."

"Kai ne wa?"

"Ni ne ubanta."

Malamar ta ce, "To da ka faɗa tun ɗazu. Sunanta?"

Kafin ya motsa baki yarinyar ta yi wuf ta faɗi sunanta da kanta, ta hutar da shi. Aka gama abin da za a yi, ta ɗora akwati a ka ta shige. Ba ta waiwayo ba, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa har ta sha kwana. Ni kam kuka na yi sosai, a gaban kowa, ban ɓoye ba. Shi kuwa ya tsaya yana nazarin fentin katanga.

A hanyar dawowa bai yi maganar taki ba, bai yi maganar komai ba. Sai da muka sauka a Kankiya, ya je ya karɓo baburinsa inda ya ba da ajiya, sannan ya ce, "Malama, abin da ya faru can, ba sai tsohuwa ta ji ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Ya dai san wadda ya faɗa wa. Ko gida ban shiga ba, na tari mota, na hau acaɓa, kafin magariba ina tsakar gidan tsohuwa. Na same ta tana tuƙa tuwo. Na ba ta labari tiryan-tiryan, har da yadda ya faɗa da yadda muryarsa ta yi. Na zaci za ta yi guɗa ko ta yi masa tsiya. Sai ta ci gaba da tuƙi har na fara tunanin ba ta ji ni ba. Can ta sa bakin gyale ta goge ido ta ce hayaƙin itacen nan ya yi yawa.

Sannan ta ce, "Mutumin, ya samu ya ci wani abu a hanya kau?"

Na ce ko ruwa ban ga ya sha ba.

Ta tashi ta shiga ɗaka ta fito da kwanon da take ajiye wa baƙi. Ta kwashe tuwo daga na farko, ta zuba miya, ta ɗora man shanu, ta rufe ta miƙo mini.

"Ki biya ki aje a gidan. Kada ki ce daga ina."